Ɗan'asabe

Sunansa Obadiya, amma ba daga bakinsa muka ji ba.
Wata uku suna haya a gidan da ke bayan namu,
Sabon Garin Gusau, dab da layin dogo.
Ubansa na sayar da kayan gyaran babur,
shi kuwa kullum yana bin gindin katanga
kamar wanda rana ke bi bashi.

Ƙanena Zayyanu ne ya raɗa masa suna.
Yana kwance a zaure, amosanin jini ya motsa,
shekara sha shida a jikin ɗan goma,
idanu sun yi ruwan ɗorawa.
Ya lura shagonsu ba ya buɗewa ran Asabar
ko da kasuwa na ci kamar gobara.
Ya ce, "Kai, Ɗan'asabe! Ka iya dara?"
Yaron ya dubi yatsun ƙafarsa,
ya girgiza kai,
bai tafi ba.

Yaran layi sun ce Bayahude ne.
A bakinsu kalmar hoge ce, jifa suke da ita.
Zayyanu ya tambaye shi, tambayar mai son sani.
Ya ɗaga kai, ya dafe 'yar hular tsakar kansa
wadda ba ta kai murfin kofi ba.
Zayyanu ya ce, "To. Kai ne da wasa."

Gurbi talatin suka tona a ƙasar zaure,
wannan da kara, wancan da tsakuwa.
Inna ta miƙa masa kilishi, ya ba da haƙuri da ido,
ta koma dafa masa gyaɗa.
In ciwo ya shiga murɗa ƙashi
mu manya mukan cika ɗaki da sannu.
Shi sai ya jiƙa tsumma a ruwan ɗumi,
ya ɗora a gwiwa, ya jira ya huce, ya sake jiƙawa.
Zayyanu ya taɓa ce mini,
"Yaya, shirun yaron nan
ya fi sannunku sauƙin ɗauka."

Da damina ta kankama aka ba shi gado a asibiti,
can bayan gari, inda mai babur ke ninka kuɗi.
Ranar ta faɗo Asabar.
Ba ya hawa abin hawa, ba ya riƙe ko sisi,
sai ga shi da azahar, a ƙafa,
laka har ƙauri, hannu biyu wayam.
Ya toge a ƙofa
har sai da ma'aikaciya ta ce ya shigo ko ya ba da hanya.
Suka yi dara da ka, ba gurbi, ba tsakuwa,
wannan ya faɗi wuri, wancan ya faɗi,
ledar jini na ɗiga a tsakaninsu.
Zayyanu ya ce, "Wallahi ka yi cuta!"
Ranar na fara jin dariyar yaron,
'yar ƙarama, kamar aro ya yi.

Zayyanu ya cika daren Talata.

Mu mata ba ma zuwa maƙabarta.
Kawu Bawa ne ya ba ni labari:
bayan an shafa, mutane sun watse,
yaron ya fito daga bayan darbejiya
ya ajiye tsakuwa ɗaya a kan kabarin.
Kawu ya ce, "Mene ne haka?"
Ya ce, "Haka muke yi. Don a san an zo."
Kawu ya daɗe a tsaye,
sannan ya bar ta inda take.

Sun tashi bara. Wasu sun ce Aba, wasu Abuja.
Guraben na nan a zaure, ƙafa ta cinye bakinsu.
Jiya ina shara na ci karo da gwangwanin,
na zazzage, na ƙirga:
sha ɗaya.
Na mayar da murfin.